Jirgin Sardin da Aka Tsare a Gaya

"…da rana kuma? Ina gajiyar kasuwa, maigida?"

"Gajiya ta bi lahiya. Ke dai matsa min in zauna, ƙahwata ta ƙi ni."

"Ba ka zama sai na ga saƙona. Tun hantsi na aike ka, ga shi inuwa ta koma gindin bango. Garin Bana kat tahi neman gwangwani ko garin Bengu?"

Alfari ya tsaya a tsakar gida yana hakin ƙarya, ƙunshi a hannu, sanda a hammata. Mai yi masa wannan titsiye jikarsa ce Nasiba, yarinyar da ba ta daɗe da fara zubar da haƙora ba, amma bakinta ya riga shekarunta girma. Ta riƙe ƙugu, laka har gwiwar hannu. Ƙanwarta Habiba tana zaune dirshan a ƙasa tana lasar yatsa, tana jiran a fara faɗan da ta saba kallo kullum.

Abin da ya ci musu kwana da kwanaki yana kwance a gabansu, ya raba tsakar gida biyu. Hanyar jirgin ƙasa ce. Sun kwaɓa laka sun yi mata tudu, sun jera guntayen tsinke a gicciye, sannan suka ɗora sillen kara biyu-biyu a matsayin dogo. Ta taso daga gindin randa, inda Alfari ya ce nan ne Faraku ta ƙasar Benin, ta kewaye turmi, ta ratsa ƙarƙashin igiyar shanya, ta zo bakin kwatar da ruwan wanke-wanke ke bi. Kwatar ita ce kogi. A kanta suka gitta ɓallen katako, gada ke nan, daga hayinta kuwa sai garinsu Gaya ta bakin iyaka, wato ƙofar ɗakin tsohon. Taragai na gwangwanin sardin ne, ƙafafunsu marafan lemo, an sarƙe su da waya. A duk gidan, Alfari ne kaɗai ya taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa, zamanin da yake jan babbar mota, wato kamiyo, yana zuwa Faraku ɗaukar kaya, don haka abin da ya faɗa shi ne doka, ko da ƙarya ce tsagwaronta. Kan jirgin kaɗai ya rage, shi aka aike shi ya nemo.

Yau kuma ranar tashi ce. Tun da aka rufe gadar gaske ta kan iyaka, manyan motoci suka daina kai da kawo, gyaran mota ya yi sanyi a Gaya, sai Yazidu, uban yaran, ya samu gurbi a wani garaji a Dosso. Gobe da sassafe ake son ganinsa a bakin aiki. Motar da za ta kwashe su tana tasha ana ɗaure mata kaya. Yazidu ɗan fari ne, Alfari ko sunansa ba ya kamawa, balle ya buɗe baki ya ce masa kada ka tafi ka bar ni. Ran da aka kawo masa maganar, Allah ya sa alheri kawai ya ce, ya juya ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Amma jiya ya ji Nasiba ta rantse wa uwarta cewa ba za ta sa ƙafa a mota ba sai jirginta ya ƙetare gada, kowa kuma ya san taurin kan yarinyar nan. Tsoho ya kama wannan rantsuwa ya riƙe gam. Ya san shirme yake yi, amma zuciyarsa ta ƙi jin magana: muddin jirgi bai ƙetare ba, yaran suna gidansa.

"Ungo saƙonki," in ji shi, "ki bar cin mutuncina gaban ƙanwarki."

Nasiba ta warware ƙunshin, ta ɗaga gwangwanin, ta girgiza shi a kunne.

"Kaka! Wanga ai da kihi ciki!"

"To da mi kike so shi zo? Da akuya?"

"Wohi nac ce maka! Gwangwani wohi, wanda anka cinye!"

"Ni Alfari in bi bola ina tone-tone? Mutumin da yak kai kamiyo har Kwatano da hannu guda, guda hannun yana cin rake? Ke ba ki san mijin da kinka samu ba."

"Na sani mana. Miji mai haƙori ukku, biyu suna rawa."

"Ji mai magana! Buɗe bakinki mu gani. Giɓin nan naki mota na iya juyawa ciki ba ta taɓa bango ba."

"Nawa za su hito sababbi. Naka hwa? Sun tahi ke nan, ko sallama ba su yi maka ba."

"Sun yi. Sunka ce ba su iya zama da tuwon da kike yi."

"Yaushe na taɓa yi maka tuwo?"

"Ai shi nike hwaɗi."

Ya zauna a kan kujerar katako, bai daɗe ba ya miƙe, ya leƙa zaure, ya dawo. Tun asuba haka yake, zama ya gagare shi, ko ƙahon kabu-kabu ya ji daga titi sai ya waiga ƙofa.

"To yanzu sai a yi jira," ya ce. "Sardin ba a buɗe shi da rana tsaka. Sai da marece, da burodi, da shayi. In anka ci, anka wanke, anka shanya, gobe ko jibi sai shi zama kan jirgi."

"Wa yak kahwa wagga doka?"

"Mutanen Faraku. Ke kin je?"

Nasiba ta ruga wurin uwarta. Rahinatu tana ƙofar ɗaki tana ƙulle kwanoni a cikin zani. Ta gane take-taken surukinta tun safe, amma ina ita ina ce masa ya yi sauri. Iyakarta ta buga kwano da ɗan ƙarfi. Ta sa wuƙa ta fasa gwangwanin ba tare da ta ɗaga kai ba. Habiba, wadda ba a taɓa gayyatarta wurin abinci sau biyu ba, ta tsoma yatsu, kafin a ce haka kifi ya zama labari. Nasiba ta cuɗe gwangwanin da toka, ta dawo ta dire shi a gaban tsoho.

"An ci, an wanke. Huda."

"Ba a shanya ba."

Ta goge shi da bakin rigarsa.

"An shanya. Huda!"

"Kai, wagga mata! Riga tawa ta Juma'a! To da mi zan huda? Ƙusa ta ɓace."

"Ɗaga ƙahwarka."

"Wace?"

"Wadda kac ce ta ƙi ka. Na ga sa'ad da ta taka ƙusa, lahiyarta lau."

Ya ɗaga, ga ƙusa kwance a ƙarƙashin takalmi. Ya yi mata kallon wanda bai taɓa ganin ƙusa ba a duniya, sannan ya ɗauki dutse ya fara bugu. Hannun Alfari ya san aiki, wannan ba a ƙwace masa. Ko yana son ya ɓata abu, hannun ba ya yarda. Ya huda ramuka daidai wa daida, ya zura tsinken tsintsiya, ya kafa marafai, ya naɗe wani ɓallen gwangwani ya yi bututun hayaƙi. Ya so ya ja aikin, sai ya tarar ya gama, haushin kansa ya kama shi.

"Kan jirgi dai ya samu," ya ce, "amma hanya ba ta yi ba. Dubi kwanar nan ta turmi. Jirgi ba shi kwana haka, kihewa shike. Sai an rushe an sake, a jira laka ta bushe."

"Kai ka yi kwanar da hannunka."

"Ranar ban karya kumallo ba."

"Kac ce ko a Faraku babu irinta."

"Ke kin san jirgin Faraku kuwa? Jirgin da kansa ke Faraku, wutsiyarsa na Kwatano ba ta tashi ba? Yaro shi shiga taragon baya da baƙin gashi, kahin shi tako zuwa na gaba ya yi hurhura!"

"Ashe can kas samo taka."

"Tawa ta wahalarki ce. In jirgin nan ya yi kuka, kaji na can Malanbil, hayin koginmu, sai su saki ƙwai. Ni da kaina na taɓa tsere da shi, na bar shi baya, har direbansa yas sauko yana roƙona in koya mishi."

"Jiya akuyar Halima maƙwabciyarmu ta tsere maka a zaure."

"Akuyar Halima ba akuya ba ce, aljana ce."

"To matsa, aljanin jirgi za shi wuce."

Ta ɗaura zare a hancin kan jirgin, ta sarƙa shi da taragai. Aka yi lodi: gyaɗa a na farko, tsakuwa a na biyu wai siminti ce, 'yar tsanar kara a na uku tana zaune kamar hajiya. Aka ba Habiba aikin kukan jirgi. Ta cika kumatu ta saki wata ƙara, Rahinatu ma sai da ta yi murmushi. Nasiba ta durƙusa ta fara ja a hankali, harshe a waje. Jirgi ya bar gindin randa yana ƙwaram-ƙwaram, ya nufi turmi. Alfari ya bi shi a tsaye yana addu'ar da bai kamata dattijo ya yi ba, wato Allah ya sa ya kife. Jirgi ya sha kwana lafiya lau, ko gyaɗa ɗaya ba ta faɗi ba. Wani daɗi ya tsarga masa, ga kuma baƙin ciki, duka a lokaci guda, ya rasa wanda zai bi.

Jirgi ya wuce ƙarƙashin igiyar shanya, ya doshi gada. Sai tsoho ya yi wani tsalle da ba na mai ciwon ƙafa ba, ya ja kujerarsa bakin kwata, ya gitta sandarsa a kan dogo.

"Tsaya! Kontrol."

"Kaka, ɗauke sandarka."

"Babu Kaka nan, mai shinge ne. Daga ina, zuwa ina, mi kunka ɗauko?"

"Kac ce jirgi ba shi tsaya ma kowa!"

"Can Faraku ke nan. Nan bakin iyaka ne, ko tsuntsu yaz zo sai ya sauka an duba ƙarƙashin hihhikensa. Kawo takardu."

Nasiba ta dube shi, ta dubi sanda, ta ga da gaske yake. Ta yi tsaki, ta je ta tsinko ganyen mangwaro ta miƙa masa. Ya karɓa da yatsa biyu, ya nisanta shi da ido, ya juya shi, ya shinshina.

"Wagga takarda ta mutu tun bara."

"Yanzu na tsinko ta!"

"To babu tambari."

Ta dangwala babban yatsa a laka ta manna wa ganyen.

"Ga tambari."

"Tambari ya yi kyau. Saura sa hannun shef, babbanmu."

"Ina shef ɗin?"

"Ya tahi salla."

"Azahar ta wuce, la'asar ba ta yi ba. Wace salla?"

"Nahila. Mutum ne mai ibada ƙwarai."

"In ya dawo hwa?"

"In ya dawo sai a ga ko akwai reso, sabis ɗin na'ura. Tun sahe reso ya ɗauke."

"Reson mi? Ganye ne!"

"Ke kinka san ganye ne. Mu nan aiki muke. Koma gehe, kar ki tare ma na baya hanya."

"Babu kowa baya!"

"Za su zo."

Waɗannan kalmomi ba ƙirƙirarsu ya yi ba. Ƙuruciyarsa kaf a bakin shingaye ta ƙare, na ƙasa uku, yana kwance a inuwar mota yana jin a dawo gobe, a jira mai sa hannu, a yi haƙuri. Ya tsine wa jira ba adadi, har ya taɓa cewa in ya bar tuƙi ko layin kosai ba zai sake bi ba. Yau ga shi shi ne a kan kujera, maganganun da suka ƙona masa rai suna fita daga bakinsa sumul, har da daɗi. Ya ji kunyar kansa, amma bai ɗauke sandar ba.

"Kahin shef shi dawo, a buɗe kaya," ya ce. "Mi ke cikin wanga?"

"Gyaɗa. Kana gani."

"Sai an ɗanɗana. Wa ya sani ko ba gyaɗa ba ce?"

"Da mi za ka tauna?"

"Tsotsa nike, ina ruwanki? Wagga hajiya ta baya hwa, ina mijinta, ina za ta ita kaɗai?"

"Ta gudo ne. Mijinta tsoho ne mai surutu, ya hana ta sakat."

"Allah sarki, bawan Allah. Ya huta."

Yana cikin binciken hajiya, Habiba ta lallaɓo ta bayansa ta kwashe gyaɗar tas ta cusa a baki. Alfari ya juyo ya ga tarago wayam, ya tafa hannu.

"Shi ke nan! Takarda ta ce gyaɗa, tarago babu gyaɗa. Babbar magana! Wagga sai an kai ta gaba. Jirgi ya kwana nan."

"Mai kukan jirgi ce ta ci! Albashinta ne!"

"A rubuce?"

"Kaka, wallahi in ba ka ɗauke ba zan tsallake da jirgina a hannu."

"Jirgin da anka ɗauka a hannu ai bai ƙetare ba, ɗaukarsa anka yi. Rantsuwarki na nan."

Ta san gaskiyarsa a nan, abin ya ƙara ƙular da ita. Ta tashi, ta zauna, ta sake tashi, ta kewaye kujerarsa, ta ja sandar ya danne da ƙafa. Daga can titi wata mota ta yi ƙaho mai tsawo. Su duka biyu suka waiga zaure tare, babu kowa, suka dawo da ido kan juna. Rahinatu ta gama ƙulli na ƙarshe, ta rasa abin da za ta ƙara bugawa, ta zauna a kan kayan tana kallon inuwa tana tsawo.

"To ka ji," in ji Nasiba, "na yi yaji. Dosso za ni, in samu miji mai moto, mai haƙora cike da baki, wanda in an aike shi ya dawo da wuri."

"Tahi mana! Wa za shi ɗauke ki can? Mutanen Dosso suna da ido. Su ga mace da laka har kunne, baki awa ƙohwar garaji, su ce a maida ma mai ita."

"Ba ni dawowa. Kai kuma ka zauna, babu mai cire maka hurhura, babu mai nemo maka hula in ka manta ta bisa kanka."

"In huta! In yi barcina har hantsi, babu mai zuba min tsakuwa cikin takalmi. Matar da ba ta taɓa dama min hura ba, in na sayo alewa ta cinye ta ba ni takarda in lasa? Ki tahi tun yanzu, ga hanya nan. Wa ya riƙe ki?"

"Kai."

"Ni?"

"Kai ka riƙe ni. Ga sandarka nan."

Ba da tsiwa ta faɗa ba, da muryarta ta kullum ta faɗa, tana nuna sandar da yatsa mai laka. Alfari ya sosa gemu. Ya yi gyaran murya, ya dubi ganyen mangwaron da ke hannunsa kamar akwai sauran abin karantawa.

Ana haka sai ga sallama. Yazidu ne, ya shigo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan da uban, kansa a sunkuye. Daga yadda ya shigo Alfari ya gane ya jima a zaure yana jin komai.

"Baba, mota ta cika, mu kaɗai ake jira," ya ce da ƙasa. "Amma na ga yara ba su ƙare wasansu ba. In ta kama, sai in ce ma direba shi tahi, mu bi ta gobe."

Rahinatu ta ɗago kai da sauri, ta sake sunkuyarwa. Babu wanda bai sani ba a gidan nan cewa mai garajin ya ce da sassafe, kuma masu neman gurbin suna da yawa, wanda bai zo ba an wuce shi. Yazidu ma ya sani sarai. Ya gane abin da uban ke yi da sanda a bakin kwata, ya kuma zo ya miƙa masa abin da yake so ba tare da an roƙe shi ba. Alfari ya dubi sandarsa. Ya so yaran su kwana, ya so ƙwarai, amma ba da abincin bakinsu ba. Son ɗan nan nasa da bai taɓa furtawa ba ya taso masa gaba ɗaya, kuma ko yanzu ba shi da hanyar faɗa. Sai ya juya wa ɗan ƙeya, ya harari jika.

"Ke! Gaya ma ubanki ba a gidana anka koyi sakarci ba. Mutum shi bar aiki don wasan gwangwani? Gaya mishi shi tashi shi ɗauki kaya, tun ban saɓa mishi ba."

"Abba, wai ka tashi ka ɗauki kaya."

"Na ji," in ji Yazidu, bai ɗago ba.

"Ki ƙara mishi da cewa in ya je shi riƙe aikin mutane da kyau, kuma shi bar barin cikinsa da yunwa, na san halinsa."

"Abba, wai ka riƙa cin abinci."

"Na ji, Baba. Allah shi ƙara girma."

Ya tashi ya ɗauki ƙullin kwanoni ya yi waje da sauri, Rahinatu ta bi shi da sauran kaya. Tsakar gida ta rage daga tsoho sai jikokinsa. Alfari ya sa hannu ya ɗaga sandar a hankali, ya jingine ta a kafaɗa.

"Shef ya dawo?" in ji Nasiba.

"Ya dawo."

"Reso hwa?"

"Shi ma. Wuce, Allah shi kiyaye hanya."

Habiba ta saki kuka da bakin da ke cike da gyaɗa. Nasiba ta ja zare. Kan jirgi ya hau katako, tarago na farko ya bi, na biyu ya bi. Na hajiya yana tsakiyar gada sai ƙafarsa ta baya ta zame, ya karkata zai faɗa kwata. Kafin yarinyar ta buɗe baki, yatsan tsoho ya riga ya tallafe shi ya mayar kan dogo. Jirgi ya sauka hayi, ya gangara, ya tsaya cak a ƙofar ɗakinsa. Yaran suka yi ta tsalle suna ihu jirgi ya zo Gaya, shi kuwa yana tsaye yana gyaɗa kai, sai ka ce ba shi ne ya tsare shi ba.

Ya sunkuya da ƙyar, wannan karon ciwon na gaskiya ne, ya tattara jirgin duka, kai da taragai, ya ɗora wa Nasiba a hannu.

"Ungo. Tahi da shi."

"Duka?"

"Duka. Can Dosso an shimhiɗa musu dogo na ƙarhe tun ba a haihe ki ba, suna ta leƙe, jirgi ba shi bi. Ki kai musu wanga, ki ce Alfari na Gaya ne ya ji tausayinsu."

"Ƙarya kake."

"Wagga kam gaskiya ce, in kin je ki gani da idonki."

Ta rungume gwangwanayen a ƙirji, ta dubi hanyar da suka gina tun daga randa har ƙofar ɗaki, yanzu babu komai a kanta.

"Kai hwa? Ka zauna da dogo babu jirgi?"

"Ni na saba da jira."

"To kar ka bari a taka min. In anka yi bakans, hutun makaranta, zan dawo in duba. In na iske ko kara guda ya goce, na sake ka."

"Mace ke sakin miji?"

"A Dosso haka ake."

"Tun ba ki je ba?"

Daga zaure Rahinatu ta kira sunanta. Habiba ta riga ta ruga. Nasiba ta yi taku kaɗan, ta waigo, ta ƙura masa ido.

"Kaka, kuka kake?"

"Wane ni! Hayaƙin jirginki ne yash shiga min ido."

"Jirgin sardin ba shi da hayaƙi."

Tsoho ya buɗe baki zai kare kansa, ya laluba ƙarya ya rasa, abin da bai taɓa samunsa ba. Sai ya fashe da dariya, hawaye na bin gemu.

"To, kin ci. Kuka nike. Tahi, 'yar nema, ana jiranku."